Babban Gwani Muhammadu Durugu: Magini da Gidansa

Al'adar Bahaushe ce ya kira gini da sunan mai shi, ko da sunan garin da aka yi shi. Ana cewa Gidan Rumfa da Gidan Makama a birnin Kano, ana kuma cewa tsohon masallacin Bebeji, wanda ke kan tsohuwar hanyar fatake tsakanin Kano da Zariya, amma ba kasafai akan ji sunan wanda ya kwaɓa ƙasar ya ɗora tubalin ba. Magini ɗaya ne ya karya wannan al'ada a ƙarni na 19, har sunansa ya rinjayi na waɗanda suka sa shi aiki. Shi ne Muhammadu Durugu na Zazzau, wanda waɗansu ke kira Malam Mika'ilu, aka kuma fi saninsa da laƙabin Babban Gwani.

Aikin da ya fito da shi sarari shi ne Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, sarki na uku bayan jihadi, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. A wancan lokaci Daular Usmaniyya ta zauna da gindinta, sarakunan da suka gaji masu tuta kuwa suna bukatar masallatai da fadodi da za su nuna ƙarfin sabon tsari. Ba ɗakin salla kaɗai Babban Gwani ya gina ba. Ya kewaye wurin da katanga, ya yi zaurukan alwala a ƙofofin shiga, ya kuma yi ɗakin shari'a a harabar, ta yadda salla da hukunci suka zauna wuri guda.

Kafin a gane girman wannan aiki, sai an san matsalar da kowane maginin ƙasa yake fama da ita, watau matsalar rufi. Bango ba shi da wuya: a kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali, a shanya, a jera. Amma rufin soro yana dogara ne ga azara, wadda ake tsagowa daga giginya, saboda gara ba ta cika cinta ba. To, ita azara idan tazarar da ke tsakanin bango da bango ta haura kamar mita 2, sai ta fara lanƙwasa a ƙarƙashin nauyin ƙasa. Dabarar da magina suka yi ita ce bakan gizo. Akan dasa azara a cikin bango ko ginshiƙi, a ɗaura wata a kanta ta ɗan zarce, a sake ɗaura wata ta ƙara zarcewa, kowane ɗauri yana karkata zuwa tsakiya, har ƙafafu biyu su haɗu a sama, sa'an nan a lulluɓe su da ƙasa. Idan aka giciya irin waɗannan bakuna a tsakiyar ɗaki, shi ne ɗaurin guga, a kansa kuma tulluwa take zama. Ba Durugu ne ya ƙago wannan dabara ba, ya tarar da ita. Abin da ya yi shi ne ya kai ta inda ba a saba kai ta ba: ya jera manyan ginshiƙai, ya fitar da bakuna daga jikinsu zuwa kowane ɓangare, ya sa tulluwa kusa da tulluwa, har aka sami fili mai ɗaukar sahu bayan sahu. Adon da ya yi a jikin ginshiƙan kuwa zane ne mai zurfi da aka sassaƙa a ɗanyar ƙasa, ba tare da launuka masu ɗaukar ido ba. Wanda ya dubi hotunan cikin masallacin zai ga cewa ƙarfin ginin da kyansa abu ɗaya ne, domin layukan da ke riƙe da rufin su ne adon.

Sunansa bai tsaya a Zazzau ba. A ƙasar Bauchi ana danganta masa gidan Madaki da ke Kafin Madaki, wanda aka gina wajen 1860, wanda kuma hukuma ta sa cikin gine-ginen tarihi na ƙasa a 1956. Babban soron wannan gida sunan maginin ya ci, Babban Gwani ake kiransa.

Game da ƙarshen rayuwarsa, labarin da ya fi yawo a baka shi ne cewa Sarkin Birnin Gwari ya gayyace shi ya yi masa gini, da ya gama kuma sai ya sa aka kashe shi, don kada ya yi wa wani sarki irinsa. Ya kamata a yi hattara da wannan ruwaya. Malaman da suka karanta adabin Larabci sun san labarin Sinimmar, wanda ya gina wa Nu'umanu sarkin Hira fadar Hawarnaƙ, aka jefo shi daga samanta saboda wannan dalili, har sakayyarsa ta zama karin magana a wurin Larabawa. Irin wannan labari yakan bi duk maginin da aikinsa ya fi ƙarfin tunanin jama'a. Amfaninsa ga mai nazarin tarihi shi ne ya nuna matsayin da Zagezagi suka ajiye mutumin.

Gadon da ya fi ƙarko shi ne na gidansa. Gini a ƙasar Hausa sana'ar gado ce. Yaro yakan fara da ɗebo ruwa da taka ƙasa, ya koma jefa wa na kan bango tubali, kafin a bar shi ya hau, sai kuma ya daɗe kafin a yarda ya ɗaura baka. Ba a rubuta awo a takarda. Taku da kamu da ido su ne ma'auni, saboda haka ilmin yana zaune ne a hannun uba da ɗa. Zuriyar Durugu ta ci gaba da sana'ar a Zariya, sarautar Sarkin Magina ta zauna a gidansu, unguwar da ya zauna a cikin birni kuma ta ɗauki sunan Babban Gwani. Muhimmancin wannan ya wuce na suna, domin ginin ƙasa ba a gama shi rana ɗaya. Duk shekara kafin damina sai an duba indararo, an toshe tsaga, an sake yaɓe da makuba ta ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Masallacin ya wuce shekara 100 a tsaye ne saboda akwai gidan da ya san inda kowace azara take.

Da siminti da kwano suka shigo, sai wannan zumunci tsakanin gini da masu gyaransa ya yi rauni. A shekarun 1970 aka yi sabon gini na zamani ya lulluɓe tsohon ɗakin salla, zaurukan alwala da ɗakin shari'a kuwa suka tafi. An yi sa'a kafin nan masana sun auna ginin sun zana shi. Z. R. Dmochowski, mutumin ƙasar Folan, ya sa an gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, aka kuma buga littafinsa mai juzu'i 3 a 1990, bayan rasuwarsa. J. C. Moughtin ya ba masallacin babban gurbi a littafinsa na 1985, Hamman Tukur Sa'ad kuma ya yi digirinsa na uku a 1981 a kan ginin Hausa da hikimar maginansa. Haka nan sana'ar ba ta mutu ba a ko'ina: a garin Yama na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, wanda ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

A ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, mutane da dama suka rasu. Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an lura da tsaga a jikin bangon kwana ɗaya kafin abin ya faru, ana kuma shirin kiran injiniyoyi su duba.