Daga Land Rover zuwa waya: yadda gyaran motar daji ya canja

Jama'a, yau ba maganar waya kaɗai za mu yi ba.

A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da bashin Bankin Duniya, ya haɗa har da Malumfashi, Bakori, Ƙanƙara da Faskari. Lokacin muna cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, Katsina sai 1987. Motar shiga daji a wancan zamanin Land Rover ce, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948. Jikinta alminiyam ne saboda ƙarfe ya yi ƙaranci bayan yaƙin duniya na biyu, shi ya sa za ka ga bodi garau amma tsatsa ta cinye shasi. Idan za ka sayi tsohuwa, ka leƙa ƙarƙashinta tukuna.

Daɗinta, ba kwamfuta a ciki. In ta ƙi tashi a gona da lodin masara, abu biyu ne galibi: wuta ko mai. Ka goge kan batir, ka duba fulogi da kwantak, sannan kafireta. Sifana da kunne sun isa.

Daga 1996 Amurka ta wajabta soket ɗin OBD2 a motoci. To in ƴar Hilux ɗinka tana da shi, yawanci ƙarƙashin sitiyari, ka jona ELM327, ka haɗa da wayarka ta Bluetooth, manhajar Torque za ta nuna maka lambar matsalar. Jabun na'urar sun cika kasuwa, ka gwada a mota kafin ka biya.