Kayan Kamfani da Ran Ma'aikaci: Ƙa'idar Hana Turjiya a Kantunan Amurka

A manyan kantunan Amurka akwai ƙa'idar da ake koya wa sabon ma'aikaci tun ranar farko: idan ɗan fashi ya shigo da makami, a miƙa masa abin da ya nema, kada a bi shi, kada a yi kokawa da shi. Ƙa'idar tana da hujja, domin ɗan fashin kanti galibi kuɗi ya zo ɗauka ya gudu, kuma turjiya ce kan sa ya yi harbi. Hukumar OSHA, wadda dokar kare lafiyar ma'aikata ta 1970 ta kafa, ta bi wannan hanya a shawarwarin da ta ba kantunan dare a 1998: a rage tsabar kuɗi a akwatin ciniki, a haskaka haraba, a horar da ma'aikata su ba ɗan fashi haɗin kai.

Gardamar tana tasowa ne a inda haɗin kan ya daina tsirar da mutum. A kusan dukkan jihohin ƙasar mai kamfani na iya sallamar ma'aikaci ba tare da ba da dalili ba, sai fa idan korar ta ci karo da wata maslaha ta jama'a da doka ta amince da ita. Shin kare kai yana cikin irin wannan maslahar? Kotuna sun rabu.

A 2001 kotun ƙolin jihar West Virginia ta amsa da e, a ƙarar wani ma'aikacin kantin 7-Eleven da aka kora bayan ya ƙwace bindiga daga hannun wata 'yar fashi. A 2014 kuwa kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba kamfanin Walgreens gaskiya a kan wani mai harhaɗa magani a Michigan da aka kora bayan ya buɗe wa 'yan fashi wuta da bindigarsa mai lasisi. Bisa ƙorafinsa, tun bayan wani fashi na 2007 ya roƙi kamfanin ya ƙara tsaro, ba a yi ba. Wannan batu ya cancanci nauyi fiye da wanda aka ba shi, domin wanda ya ɗaure hannun ma'aikaci ya ɗauki alhakin tsare shi.

Hukuncin da ya fi kama jijiyar lamarin shi ne na kotun ƙolin jihar Utah a 2015. A garin Layton, a 2011, ma'aikatan wani kantin Walmart sun kai wani da ake zargi da sata ofishin tsaro, sai ya zaro bindiga. Suka danne shi suka ƙwace ta, kamfanin ya sallame su saboda ƙa'idarsa ta ce a janye da zarar an ga makami. Kotun ta ce doka na kare ma'aikaci daga kora idan ya cika sharuɗɗa biyu: ya yi imani bisa hankali cewa mummunan lahani na dab da samunsa, kuma ba shi da hanyar janyewa.

A ganina nan ne iyakar da ta dace. Wanda ya bi ɓarawo har filin ajiye motoci don kayan kanti ya jefa abokan aikinsa da masu sayayya cikin haɗari, kuma kamfani na da damar hukunta shi. Wanda aka tare a ɗaki da bindiga a bayansa kuwa ba a bar masa zaɓi ba, kuma zalunci ne a nemi ya auna albashinsa da ransa cikin ƙiftawar ido. Masu kamfani suna cewa sassauci zai haifar da masu neman suna, tsoron kuma ba na banza ba ne. Sai dai sharaɗin rashin mafita ya riga ya toshe wannan ƙofa. Gyaran da ya rage yana hannun kamfanonin kansu: su rubuta wannan togaciya ɓaro-ɓaro a littafin ƙa'idojinsu, kada ma'aikacin da ya tsira da ransa ya shafe shekaru a kotu yana neman haƙƙinsa.