Littafi da Lambu: Tarihin Kayan Koyarwa a Ƙasar Kura da Bunkure

Kafin zuwan Turawa, kayan koyarwa a ƙasar Kura ba su wuce abin da ƙasar ke samarwa ba. Allo daga itace ake sassaƙa shi, alƙalami daga gamba ake fiƙe shi, tawada kuwa da gawayi da ƙaro ake haɗa ta. Wanda ya sauke Alƙur'ani sai ya shiga littattafai, ya fara da Ahalari da Ishmawi, har ya kai Risala. Sana'a ma makaranta ce. Kura ta yi suna da rini, turkuɗinta yana kaiwa har ƙasar Buzaye, yaro kuwa a bakin karofi yake koyon awo da lissafi da sanin baba. Shi kansa lokacin karatu yanayi yake bi, watau da damina a yi noma, da rani a duƙufa a kan allo, wasu ma su tafi ci-rani da malaminsu.

Da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano cikin 1909, matsalar farko da ta taso ita ce rashin abin karantawa da boko. Don maganin wannan aka kafa Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East. Gasar da aka shirya a 1933 ita ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Magana Jari Ce ta biyo baya, sa'an nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Kimiyya ma ba a bar ta a baya ba, domin East da Abubakar Imam sun rubuta Ikon Allah, inda suka bayyana halittu da Hausar da ɗan ƙauye zai gane. Hikimar mutanen nan guda ce: sun fara da abin da yaro ya sani, suka ja shi zuwa abin da bai sani ba.

To, cikin shekarun 1970 sai manyan ayyuka biyu suka sauka a wannan yanki kusan lokaci guda. Na farko, gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974. Daga can ruwa yake gangarowa da kansa, ba da inji ba, ta babbar magudana zuwa ƙanana, har ya isa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da hekta 22,000, kuma a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Na biyu, a Satumbar wannan shekara ta 1976 aka ƙaddamar da ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka yi cincirindo fiye da yadda aka ƙiyasta, aka ɗauki malamai cikin gaggawa, azuzuwa da littattafai suka yi kaɗan. A 1977 kuma manufar ilmi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa.

Abin lura shi ne, ayyukan nan biyu kowanne hanyarsa ya bi. Ruwa yana hannun hukumar kogi, makaranta tana hannun ma'aikatar ilmi, manhaja kuwa guda ce aka tsara wa ƙasa baki ɗaya. Alhali ruwan Tiga ya sauya rayuwar ɗalibin. Ranin da a da yake lokacin karatu ya zama lokacin alkama da tumatir da albasa, damina kuma ta shinkafa. Uban da ke buƙatar mai ban ruwa da mai korar tsuntsaye dole ya auna abin da makaranta za ta ƙara wa ɗansa. In har darasin bai taɓo gonar ba, ba wuya a san wanda zai yi rinjaye.

Ga shi kuwa babu darasin da ba shi da kayan aiki a bakin magudana. Malamin lissafi yana da awon eka da hekta, da kuɗin ruwa, da ribar kwandon tumatir. Malamin kimiyya yana da lanƙwasasshen bututun da manomi ke jawo ruwa da shi zuwa kunya, wanda ya isa ya bayyana matsin iska. Malamin kiwon lafiya yana da tsargiya, cutar da ƙwayarta ke girma cikin dodon koɗin ruwa mai kwanciya, ta shiga fatar yaro mai wanka. Malamin labarin ƙasa zai bi ruwan daga Tiga zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, ya nuna yadda tare shi a sama ya rage ambaliyar da masunta da makiyayan can suka dogara da ita. Malamin tarihi yana da hana shigo da alkama da aka yi a 1987, da tsutsar da ta cinye tumatirin Kadawa a 2016. Malamin Hausa kuwa shi ne da babban rabo, domin kalmomin jigo da fadama da na sabon noman rani suna bakin tsofaffi, suna jiran mai rubutawa.

Saboda haka nauyin yana kan mutum biyu. Ma'aikacin da ke tsara manhaja da sayen littattafai, ya kamata ya bar gurbi ga ɗan littafin da aka rubuta don yanki guda, ya kuma haɗa malamin gona da malamin aji. Ɗalibin jami'a, musamman mai nazarin harshe, shi ne zai tattara kalmomin ya tsara darussan. Ma'aikatan Hukumar Talifi ba su da yawa, amma littattafansu sun raini zuriya bayan zuriya. Irin aikinsu yaran Kura da Bunkure suke bukata, a kan ruwan da ke wucewa ta ƙofar makarantarsu.