Dokar Silima da Majigi a Arewa

A shekarar 1933 ne Gwamnatin Ikko ta kafa doka a kan nuna silima a Nijeriya. Dokar nan tana da rassa biyu, watau hukumar da ke duba fim kafin a nuna wa jama'a, da lasisin gidan da za a nuna shi. A Kano an buɗe gidan Rex a 1937, a wajen ganuwa. Sai a 1952 aka buɗe Palace a cikin birni, malamai da yawa ba su so ba.

Abin da ya nuna amfanin lasisi shi ne gobarar El Duniya ta 1951, inda mutum 331 suka halaka. Daga nan aka gane lalle zancen ƙofofi da yawan 'yan kallo zancen rai ne.

Amma fa dokar gida ba ta taɓa mutanen karkara ba, irin na ƙasar Birnin Gwari a Lardin Zazzau. Abin da karkara ta sani shi ne majigi, wanda motar Gwamnati ke kawowa, a kafa farin ƙyalle a fili, yaro da babba su kalla kyauta. A nan ba tikiti, ba mai tsaron ƙofa. Gwamnati ta zaɓi fim, hakimi ya tara jama'a.

An sake doka a 1963, sa'an nan a 1993 aka kafa hukumar tarayya mai rarraba fina-finai bisa shekarun mai kallo. Kano ta kafa tata a 2001.