Bishara

bìshārā̀ sn., mc., jm. bisharu. Daga Lrb.

1. Labari mai daɗi. *An kai wa uban jariri ~.* K.d. bushara.

2. (Kirist.) Saƙon ceto ta wurin Yesu Almasihu, wato Linjila. *Fasto ya yi wa'azin ~ ran Lahadi.*

3. (Kirist.) Kowane ɗaya cikin littattafai huɗu na farkon Sabon Alkawari: Matiyu, Markus, Luka, Yahaya. *~ ta hannun Luka.* Masu sharhi kan haɗa ukun farko wuri guda, don labarinsu ya yi kama. Ta Yahaya kuwa da salonta daban. Da wannan ma'ana aka fi jin jm.

aikin ~: yaɗa addinin Kirista. *Sun tafi aikin ~ ƙauyukan Maguzawa na wajen Matazu da Malumfashi.*

mai ~ sn., nm./mc., jm. masu ~: ma'aikacin ikilisiya da ke wa'azi a ƙauyuka, galibi ba a naɗa shi fasto ba. *Mai ~ na ECWA.*

Db. albishir. *Albishirinka!* Amsa: *Goro!*