Zuriyar Dante da Giyar Busasshen Inabi

Masu nazarin adabi sun san Dante Alighieri a matsayin mawaƙin da birnin Fulorans ya kora a shekarar 1302, aka ƙwace dukiyarsa, ya yi ta raɓe-raɓe a fadojin sarakunan Italiya har ya rasu a Rabenna a 1321, bai sake taka garinsu ba. Abin da ba mu cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne inda zuriyarsa ta sami matsuguni.

A 1353 ɗansa Pietro, alƙali a Berona wanda kuma ya rubuta sharhin waƙar mahaifinsa, ya sayi gona a ƙauyen Gargagnago cikin tuddan Valpolicella. Gonar tana hannun jikokinsa har yau. Sunan gidan ya kusa ɓacewa sa'ad da magada maza suka ƙare, amma auren Ginevra Alighieri da Marcantonio Serego a 1549 ya sa aka gwama sunayen biyu, gidan ya zama Serego Alighieri.

Sana'ar da ta fito da su a wannan zamani ita ce giyar busasshen inabi. Idan aka tsinke 'ya'yan da kaka, ba a matse su nan take. Akan shimfiɗa su bisa asabarin gora a ɗakunan da iska ke ratsawa, su yi wata uku zuwa huɗu, har su rasa kusan sulusin nauyinsu, zaƙi ya taru. Kasada ce babba, domin damshi kaɗan na iya ruɓar da wahalar shekara guda. Dabarar kuwa ta girmi Dante nesa ba kusa ba, tun da Cassiodorus ya bayyana ta a wata wasiƙa a ƙarni na shida.

Sai dai a nan ya kamata mai tarihi ya yi hattara. Abin da mutanen da suka sani shi ne giya mai zaƙi, wadda ake kira Recioto. Amarone, wato mai ɗaci-ɗaci, wadda ake bari ta tsima har zaƙin ya ƙare, sai a shekarun 1950 ta kama kasuwa. Saboda haka Dante bai san ta ba, Pietro ma haka. A ganina mai saye a Landan ko Tokiyo tsufan sunan yake biya, ba tsufan abin da ke cikin kwalbar ba. Tun 1973 ma gidan ya haɗa hannu da kamfanin Masi na iyalin Boscaini, wanda ke taya shi sarrafawa da kai wa kasuwannin waje.