Hayaƙin Gas Mai Fulorin Daga Masana'antu: Sin da Amurka

Gas mai fulorin rukuni ne na iskar da masana'antu ke haɗawa, ko take fita yayin sarrafa wasu kayayyaki. Manyan nau'o'insa su ne HFC da PFC da SF6 da NF3. Yawansa a sararin samaniya bai kai na kabon dayoksaid ba, amma ƙarfinsa na riƙe zafi ya ninka nasa sau dubbai. Kilo ɗaya na SF6 yana ɗumama duniya daidai da kilo 23,500 na kabon dayoksaid cikin shekara 100. Shi kuwa CF4, ɗaya daga cikin dangin PFC, yakan daɗe a sama har kimanin shekara 50,000. Sin da Amurka su ne kan gaba wajen fitar da wannan gas, sai dai kowace da hanyar da nata yake fitowa.

Inda hayaƙin yake fitowa

A Sin, babban kaso yana fita ne tun daga masana'anta. Ƙasar ce ke narka fiye da rabin alminiyom ɗin duniya, kuma idan albarkatun da ke cikin tukunyar narkawa suka yi ƙasa, lantarki kan haifar da PFC. Ita ce kuma kan gaba wajen haɗa gas ɗin HCFC-22, wanda ke fitar da HFC-23 a matsayin dattin aiki. Faɗaɗa layukan wutar lantarki da ta yi cikin sauri ya ƙara yawan SF6, domin da shi ake cika na'urorin katse wuta a tashoshi.

A Amurka, gas mai fulorin kusan kashi 3 ne cikin 100 na dukkan iskar da ƙasar ke fitarwa mai ɗumama yanayi. Mafi yawansa HFC ne da ke yoyo daga firiji da na'urorin sanyaya gidaje da motoci da manyan kantuna. Kusan gidaje 9 cikin 10 na ƙasar suna da na'urar sanyaya ɗaki. Hayaƙin masana'antun alminiyom da na tashoshin lantarki kuwa ya ragu sosai tun daga 1990.

Dokoki da alƙawura

An amince da Gyaran Kigali na Yarjejeniyar Montreal a 2016 domin rage HFC. Sin ta shiga a 2021, inda ta yi alƙawarin cewa za ta tsayar da ƙaruwa daga 2024, ta rage kashi 80 cikin 100 zuwa 2045. Amurka ta shiga a 2022, bayan dokarta ta 2020 wadda ta tanadi ragin kashi 85 cikin 100 zuwa 2036.

Abin lura wajen kwatantawa

A jimla, Sin ta zarce Amurka nesa ba kusa ba. Amma idan aka raba hayaƙin HFC bisa yawan jama'a, rabon Ba'amurke ya fi nauyi, domin mutanen Sin sun ninka na Amurka fiye da sau 4. Haka kuma ƙa'idar lissafi tana ɗora hayaƙin masana'anta a kan ƙasar da ta ƙera kaya, ko da a wata ƙasa aka yi amfani da su.

Akwai kuma batun ingancin alƙaluma. Bayan Sin da Indiya sun bayar da rahoton ƙona yawancin HFC-23 ɗinsu, awon iska ya nuna cewa hayaƙinsa a duniya ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa ba a 2018. Awon tashar Gosan da ke tsibirin Jeju a Koriya ta Kudu ya danganta wani kaso nasa da gabashin Sin. Don haka kwatancen gaskiya yana buƙatar a haɗa rahoton gwamnati da awon iska, a kuma bambanta hayaƙin ƙira da na amfani, domin na farko a masana'anta ake maganinsa, na biyu kuwa sai an toshe yoyo, an kuma tattara gas daga tsofaffin na'urori.